Kwalin Allin Baba

A gidanmu mutum biyu ne suka taɓa sa taba a baki, wanda ya fi kowa karatu da wanda ya fi kowa gudun makaranta. Na farkon Baba ne, na biyun Autanmu. Ni kuwa ko ashana ba na ƙyastawa sai na miƙe hannu na kawar da fuska. Tun ina ƙarama aka san ni da tsoro, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Baba malamin kimiyyar sinadarai ne, ya koyar har gashin kansa ya koma kalar allin da yake rubutu da shi. Ɗalibansa suna kiransa Mu-Gwada, don duk abin da aka ce masa kada a yi, amsarsa ɗaya ce: "Wa ya ce? Mu gwada." Ya taɓa ƙone mana labulen falo garin nuna mana yadda wani gari yake canza launin wuta, kuma shi ya fi kowa dariya. Taba kuwa, yakan ce shi ba shan jahilci yake mata ba. Ya san sunan duk gubar da ke cikinta, zai jero maka su tiryan-tiryan kamar sunayen 'ya'yansa, sannan ya kunna. Rabin kara yake sha ya kashe, wai gubar can ƙasa take taruwa. Da wannan lissafin ya yi shekara da shekaru yana shan rabin guba, har huhunsa ya ce ya gaji.

Da aka sallamo shi daga asibiti, tare da tukunyar iska aka sallamo shi, doguwa, baƙa, tsayinta ya kusa ƙirjina. Aka cusa ta a lungun da ke tsakanin kan gadonsa da bango, aka jawo siririyar roba daga bakinta zuwa hancinsa. Ma'aikaciyar jinyar da ta rako mu ta tara mu a ɗakin ta fara gargaɗi: ban da ashana, ban da kyandir, ban da turaren wuta, don iskar nan tana kamawa.

"Ba ta kamawa," in ji Baba daga kan filo, yana haki. "Oksijin ba ta ci da kanta, 'yata. Ita dai abincin wuta ce. Ki gyara."

Matar ta yi murmushin yaƙe ta ce to, Malam. Ta ƙara da cewa iskar tana shiga gemu da riga da zanin gado ta zauna, ko an rufe tukunyar ba nan take take fita ba. Baba ya gyaɗa kai kamar mai duba jarrabawar da aka ci da ƙyar. Ni dai daga ranar ban sake kusantar lungun nan ba. Hucin tukunyar kaɗai yana sa tsigar jikina ta tashi. In ta ƙare, Auta ne ko mai kawo ta suke canzawa, ni ina bakin ƙofa.

Ni ke zaune da Baba tun rasuwar Mama, ni da 'yata Tsirit, 'yar aji ɗaya, don maigidana yana aikin hanya a gari mai nisa. Da safe in tafi shagon ɗinki inda nake aiki, maƙwabciyarmu ta riƙa leƙo shi. In Tsirit ta taso makaranta sai ta zarce ɗakin kakanta, ya ce, "Amaryata ta dawo, a kawo allo." Yana da ɗan baƙin allo jingine a kan tebur kusa da gado, da kwalayen alli a jere, ragowar lokacin da yake koyar da yaran unguwa bayan ya yi ritaya. Allin nan kuwa doka ce a gidanmu. Za ka iya ɗaukar takalmin Baba, ka sha shayinsa, ka yaga jaridarsa, duk da sauƙi. Amma ka taɓa kwalin allinsa, ranar za ka san ka taɓo. Yayarmu ta sha murɗar kunne a kan haka tana ƙarama, har ta girma tana shafa kunnen in an ambaci alli.

Wata rana na dawo aiki da la'asar, ina shiga ɗakin hancina ya tsinci wani abu. Ba shi da ƙarfi, tagogi duk a buɗe, amma wanda ya tashi a gidan mashayi ba ya ɓatan wannan warin. Da na zo gyara shimfiɗa sai na ga 'yar huda a zanin gado, bakinta ya yi ruwan ƙasa. Na fita tsakar gida na kira Yaya a waya.

Yayarmu dokta ce, ba ta allura ba, ta karatu. A jami'a take koyar da lafiyar al'umma, kuma rabin aikinta a kan masu shan taba ne. Ta iso da mota da jaka da fuskar aiki. Ta ɗaga katifa, ta zazzage aljihun riguna, ta karkaɗe littattafai ɗaya bayan ɗaya, har cikin takalmi da bayan agogon bango ta duba. Ta zo kan tebur, ta ɗaga allon ta leƙa bayansa, ta mayar. Hannunta ya bi ta saman kwalayen allin ya wuce, ni ma kuma idona ya wuce tare da shi.

"Baba, don Allah ka gaya min gaskiya," ta ce.

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ni na koya miki abin da oksijin take yi. Yau kuma ke za ki yi min tambayar aji uku?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Duk digirorinta a gaban Baba ba su wuce satifiket ɗin firamare ba.

A tsakar gida ta tambaye ni wa ya shigo yau. Na ce Auta ya biyo da tsakar rana ya kawo magani. Ta ce shi ke nan, magana ta ƙare. Ta kira shi, ya zo da motar kamfanin da yake rabon kaya da ita, ya tsaya yana murza hularsa.

Autanmu a aji biyu na sakandare ya ajiye biro, Baba bai taɓa yafe masa ba. Mutum ne mai sanyi, mai tsoro irina. Tuƙinsa ma sai an yi ta danna masa oda a baya. Yana shan taba, ba ya musu, amma sai in hankalinsa ya tashi, ya laɓe bayan mota ya zuƙa kamar mai satar nama a tukunya.

"Wallahi Yaya, a mota nake barin ta," ya ce. "Har ashanar. Sai na wanke hannu na kuskure baki nake shiga. Ni da ko kallon tukunyar nan ba na so?"

"To aljani ne ya huda zanin?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ni na sani," ta ce. "Aikina ke nan. Duk inda aka yi bincike abu ɗaya ake samu: mai ilimi in ya fahimci haɗari yana bari. Baba ya ga hoton huhunsa da idonsa, ya fi likitan ma gane shi. Wanda bai yi karatu ba shi ke ci gaba, shi ke ganin abin wasa ne. Ga kuma hali. Akwai masu son kasada, waɗanda ba a gaya musu su ji, masu ganin su ba abin da zai same su. Ka haɗa biyun nan, ka samu mai kunna taba kusa da oksijin."

Na tsaya ina jinta. Da ta zo kan hali, sai na ji kamar hoton wani take zanawa, kuma ba na wanda ke tsaye yana murza hula ba. Maganar ta zo min har baki. Amma ni tela ce, ita dokta, kuma faɗar maganar yana nufin in ce Baba ya yi ƙarya. Na haɗiye.

Yaya ta yanke hukunci: Auta kada ya sake taka ɗakin Baba. In ya kawo saƙo ya ajiye a ƙofar gida. Ya dube ni ko zan ce wani abu, na dubi ƙasa. Ya sa hularsa ya fita, na ji motar ta daɗe ba ta tashi ba.

Hankalina bai kwanta ba. A shago, in motar kashe gobara ta wuce da jiniya sai ƙafata ta zame daga kan keken ɗinki. Na ɗinke hannun riga a wuya har sau biyu, uwar ɗakina mai shagon ta ce, "Ke, jikinki ne kawai a nan." Ina dawowa gida, kafin sallama sai na shaƙi iska. Wani lokaci in ji kamar akwai, wani lokaci babu. Na ce wa kaina hancina ne ya koyi ƙarya. Tsirit kuwa karatu yana ta ci gaba, ta iya haɗa lamba, ta iya rubuta sunan kakanta, kullum hannunta fari fat da alli.

Da can Auta ne ke wuni da Baba ranar Asabar. Tun da aka kore shi sai ya zama Tsirit ce ke zama, maƙwabciya tana leƙowa. Wata Asabar sai na ce zan tafi da ita shago in auna ta, kayan makarantarta sun ɗage.

"Ki bar min amaryata," in ji Baba.

"Yau ɗaya dai, Baba. Da azahar za mu dawo."

"Ki auna ta a nan mana. Ba ki da tef a gida?"

"Yadin yana shago, sai ta zaɓa."

Ransa ya ɓaci fiye da yadda maganar ta kai. Ya ce an mai da shi kayan ajiya, kowa sai ya yi yadda ya ga dama da shi. Ya juya fuska bango. Na ɗauka kewa ce irin ta tsofaffi, na ja hannun yarinya muka fita.

Shagonmu ɗaki ɗaya ne mai tsawo, kekuna a jere ta bango, teburin yanka a tsakiya, ƙyallaye ko'ina a ƙasa. Na ɗora Tsirit a kan teburin na auna ta, na shimfiɗa yadi na fara zana layin yanka da allin tela. Na ajiye shi in ɗauko almakashi. Da na juyo sai na ga ta ɗauke shi, ta maƙale shi tsakanin yatsu biyu, ta kai baki, ta lumshe ido ta zuƙa. Sannan ta ɗaga haɓa ta hura sama, ta gefen baki, daidai yadda na tashi ina gani.

Mai shago ta fashe da dariya. "Kai, 'yar nan! A ina kika ga wannan?"

Tsirit ta dubi allin ta taɓe baki. "Mama, naki ba ya hayaƙi. Na Kaka yana yi."

Almakashin ya faɗi daga hannuna. Na durƙusa har fuskata ta zo daidai tata, na yi iya ƙoƙarina muryata ta fito kamar ta kullum.

"Wane allin Kaka, 'yar albarka?"

"Na ƙasan kwali. Na sama na rubutu ne, na ƙasa na Kaka ne." Sai ta rufe baki da hannu. "Ya ce sirrinmu ne."

"Ai ni ma 'yarsa ce, ba komai. To in zai sha, tukunyar fa?"

Nan ta washe baki, don an zo wurin da take alfahari da shi. "Ni nake rufewa! Shi ba ya iya kai hannu, ni nake shiga lungu. Murɗawa ake yi ta wajen taga, har ta daina huci. Sai in buɗe tagogi, in yi masa fifita da kwali, sai ya ce to Bismillah, mu gwada. In ya gama in buɗe masa. Ya ce na fi duk ɗalibansa."

A raina na hango 'yata a lungun nan, kanta a jikin tukunya, ashana tana ci a bayanta. Sai kuma wani tunanin ya biyo baya, ya fi na farkon muni. Yau ba ta can. Auta ba ya can. Shi ya sa ya yi fushi da safe. Kuma na san ubana, rashin mai rufe tukunya ba zai sa ya haƙura ba, sabon lissafi kawai zai yi.

"Riƙe min ita," na ce wa mai shago, na fita da tef a wuya.

Na kira wayar Baba, tana ta ringi ba a ɗauka. Na kira maƙwabciya, ta ce tana kasuwa, ai ta leƙa shi ɗazu lafiya lau. Na kira Auta ina gudu, na ce, "Gida! Baba ne ke sha, ka zo!" Ban jira amsarsa ba. Na bi ta layin masu gyaran waya, na tsallake kwata, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a nan. Mutane suna kaucewa suna bina da ido. Duk kwanar da na sha sai na ɗaga kai in duba saman rufin unguwarmu ko akwai hayaƙi. Babu. Na riƙa cewa ya Allah ka sa barci yake, ya Allah ka sa hannunsa ya ƙi.

Tun daga tsakar gida na ji ƙarar, ƙyas, ƙyas. Na banko ƙofar.

Yana zaune a jingine da filo, taba a bakinsa. Kwalin alli a buɗe a cinyarsa, karyayyun ashana a warwatse a kan bargo, don hannunsa rawa yake. Ya zare robar daga hancinsa ya ajiye ta a gefen filo, ya juya bakinta ta kalli bango. Lissafin da ya yi ke nan. Tana ta huci.

"Baba, kada ka yi!"

Ya ɗago ya dube ni. Ba kunya na gani a idonsa ba, haushin an katse shi na gani. "Na nisanta ta," ya ce ta gefen baki. "Tazarar ta isa."

Ashanar ta kama.

Ban ji ƙara ba, wani fuu kawai na ji, kamar an yarfa zani. Gemunsa ya tashi gaba ɗaya. Filon ya kama, wutar ta yi tsalle ta cafke bakin robar, ta zama fara mai ƙyalli, ta fara bin robar tana ci da gudu ta nufi lungu. Baba ya buɗe baki, ihun bai fito ba.

Ni da ban taɓa taɓa tukunyar nan ba, sai ga ni a lungun, kafaɗata ta goge bango. Na kama ƙarfen da ke kanta, kaina ya ɗauke, ban san ta ina ake yi ba. Sai muryar Tsirit ta faɗo min. Ta wajen taga. Na murɗa da hannu biyu, narkakkiyar roba tana ɗiga a bayan hannuna, na ci gaba da murɗawa har hucin ya tsaya. Na fizgo bargo na danne fuskarsa da ƙirjinsa, na jefar da filon ƙasa na juye masa butar ruwa. Ɗakin ya cika da ƙaurin gashi. Alli ya zube ko'ina, farare, wasu na rubutu, wasu masu jan gindi, ina taka su suna murƙushewa.

A haka Auta ya same mu. Bai tsaya a ƙofa ba. Ya sungumi Baba kamar yaro ya sa a mota, kuma ranar ba wanda ya danna masa oda.

Likita ya ce ƙunar fuskar za ta warke. Abin da yake tsoro shi ne zafin da ya shaƙa, a huhun da dama saura kaɗan. Ya ce mu yi ta addu'a. Aka naɗe min hannu, muka zauna a bencin da ke baranda. Yaya ta iso ba jaka, mayafinta a karkace. Ta leƙa ta gilashin ƙofa ta ga Baba, fuska duk bandeji, na'ura tana numfashi a madadinsa. Hannunsa na dama yana kan zani, yatsun nan biyu a ɗan buɗe.

Ta dawo ta zauna kusa da Auta. Warin taba yana tashi daga rigarsa, na san daga bayan mota yake.

"Amma ya sani," ta ce a hankali. "Ya fi kowa sani."

"Ni ma ai na sani, Yaya," in ji Auta. Ba da gatse ya faɗa ba. Ta kifa kai a kafaɗarsa ta fara kuka.

Da yamma mai shago ta kawo min Tsirit. Ta zo tana tafiya a hankali, idonta a kan farin ƙyallen da ke hannuna. An gaya mata Kaka ba shi da lafiya, amma yarinyar da ta iya haɗa lamba ta iya haɗa wannan ma. Ta tsaya a gabana, ba ta hau cinyata ba.

"Mama," ta ce, "don ban zo na rufe masa ba ne?"

Na jawo ta da hannun da bai ƙone ba, na ce a'a, na ce ba aikinta ba ne, bai taɓa zama aikinta ba. Na faɗa na sake faɗa. Ta bari na rungume ta, amma jikinta a sandare yake, kanta a juye tana kallon ƙofar ɗakin da hucin iska ke fitowa.